Alawayyon Malam Nata'ala

"Ku bi a hankali mana! Mutum kuka ɗauko ko buhun gero?"

'Yardada ce ke faɗa daga ƙofar gidanta, mayafi a karkace, allura soke a bakin zani. Tasi ba ta iya shiga lungun nan nasu na Koki, don haka a bakin titi aka sauke Malam Nata'ala, maza biyu suka tallabo shi, ɗaya ta kafaɗa ɗaya ta ƙafa, suna tsallake kwata da taɓon ruwan da aka sheƙa da safe. Wata matashiyar malama na biye da su, hularsa a hannunta, tana kuka. Har lokacin akwai farin alli a yatsunsa.

"A aji ya faɗi, Inna," in ji malamar. "Yana cikin magana sai ya dafe allo ya sulale."

"Ban faɗi ba, Mardiya," Malam ya ce da ƙyar, idonsa a rufe. "Zama na yi da sauri."

"Ji shi!" in ji 'Yardada. "Jiki ya ƙi, baki bai mutu ba." Amma ta riga ta ga yadda ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi zama.

A soron gidan su Malam, yayansa Alhaji Muhammad Auwal na zaune da rediyo a kunne, yana sauraren sunayen waɗanda sabuwar gwamnatin farar hula za ta ba muƙami. Wata biyu ke nan da sojoji suka koma bariki, kowane bango a lungun ya sha hotunan masu babbar riga. Alhaji ya miƙe tsaye, ya janye tabarma aka wuce. Ya tambayi masu ɗauka abin da likita ya ce, suka ce zuciya ce, an ba da magani an ce a koma gida. Ya ce, "Allah ya sawwaƙe." Amma ko kallon ƙanin nasa bai yi ba.

Wannan abu ba sabo ba ne, duk Koki an sani. Gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, amma shekara goma sha biyu ke nan ba abin da ke haɗa su sai ina kwana, lafiya lau. Kuma duk a kan darasi ɗaya ne.

Malam Nata'ala malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar 'yan mata ta wajen Ƙofar Mazugal. Da ya tsaya a nan da an zauna lafiya. To, shi ba ya iya zama lafiya. Sai da ya roƙi hukumar makaranta ta ba shi awa ɗaya duk ranar Alhamis, darasin da ba jarrabawa, ba maki, wadda ta ga dama ta shiga. Ya sa masa suna Sama da Ƙasa da Ɗan Adam. Ba abin da ba ya jawowa ciki. Wannan mako taurari, na gaba ƙwayar wake a gwangwani, wani makon ya shigo aji da ƙashin raƙumi a kafaɗa, wani kuma ya kwashi yara zuwa gindin ganuwa yana tambayarsu su wa suka gina ta, me suka ci da rana, da wane yare suka yi wa juna tsiya. Komai ka nuna masa sai ya ce, "To, daga ina?" Har yaran suka raɗa masa suna Malam Daga-Ina.

Wata rana wani abokin ciniki ya tare Alhaji a shagonsa na yadi a Kwari, a gaban mutane, ya ce, "Ashe ƙaninka ne ke gaya wa 'ya'yan Musulmi wai duniya ta shekara dubu sau dubu sau dubu?" Alhaji mutum ne da ya fi tsoron abin kunya fiye da gobara. Ya dawo gida ya ce a bari. Malam ya ce, "Yaya, Allah ne ya yi ta, ni ƙirgawa kawai nake yi." Alhaji ya ce mai wannan ƙirge ya manta da kabari. Daga ranar ya rufe bakinsa. Malam ya ci gaba da sallarsa a sahu ɗaya da shi, matarsa ta rasu, 'yarsa ta yi aure ta tafi Jos, shi kuma Alhaji bai buɗe bakin ba.

'Yardada ta san su tun suna yawo ba wando. Katanga ɗaya ta raba gidajensu, ta girmi Malam da shekara huɗu, ta ma taɓa goya shi, abin da ba ta gajiya da tuna masa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗinki ne ke riƙe da ita, na keke da na hannu. Shekara uku da suka wuce Malam ya yi sallama a soronta da bandir ɗin farin yadi, alawayyo, a hammata. A Sabon Gari ya sayo shi, don kada labari ya kai Kwari.

"Yaya 'Yardada," ya ce, "yaran nan ba sa jin lamba. In na ce shekara biliyan sai su gyaɗa min kai kamar ƙadangaru. So nake su riƙe abin da hannunsu."

Yadi goma sha biyar ne cif. Kowane yadi, a cewarsa, shekara miliyan dubu, gwargwadon ƙiyasin masana. Daga wannan baki farkon halitta, zuwa wancan baki yau da safe. Ita za ta ɗinka masa abin da ya faru a kai, kowanne a inda ya auna.

"Nata'ala," ta ce, "ko dai zazzaɓi ke damunka?"

Amma ta karɓa. Ya ce kamu ɗaya na farko ta bar shi fari fat, don wannan sanin Allah ne, shi bai isa ba. Daga nan taurari, har yadi goma. Ta ɗauko zare ruwan ɗorawa, ya ce a'a, fari za ta sa.

"Fari a kan fari? Wa zai gani?"

"Ai lokacin ba a yi mai gani ba tukuna. Sai an shafa da hannu za a ji su."

Haka ta yi ta ɗinka su, ƙanana kamar ƙwayar gero, tsakanin hular wannan da rigar sallar wancan, har ta daina ƙirgawa. Sai bayan yadi goma launi ya shigo. Rana da ɗorawa, ƙasa da shuɗi, sai wani siririn kore da ya ce rai ne a cikin ruwa, ya yi ta jan jiki yadi bayan yadi ba abin da ya sauya. Can gab da ƙarshe ta yi kifi, ya ce takalmi ta ɗinka, ta ce ya zo ya yi da kansa tun da ya iya. Ta tambaye shi ina ɗan Adam zai zauna.

"Zare ɗaya, a bakin ƙarshe. Shi ma ya yi masa kauri."

"Da sarakunan? Da sojojin? Da masu kuɗin Kwari?"

"Da ni da ke, duk a cikin zaren."

Kwana uku tana dariya ita kaɗai a kan keke. A na huɗu dariyar ta tsaya, ta zauna tana kallon hannunta. 'Yardada ba ta taɓa shiga aji ba, allo kawai ta yi. Shekara arba'in tana ɗinka abin da za a sa ya tsufa a yar. Wallahi ba ta taɓa son wani aiki kamar yadda ta so wannan ba, ko da yake da za a yanka ta ba za ta faɗa masa ba.

Ranar Alhamis aka kawo shi gida. Alhamis mai zuwa ita ce ta ƙarshe kafin hutu, ranar da ya shirya shimfiɗa alawayyon a karon farko. Saura zare ɗaya ya rage. Ranar Litinin ta ja shi, baƙi, a bakin ƙarshe, ta wanke yadin ta shanya a ɗaki, ta goge. Da la'asar ta naɗe shi a tsohon zani ta shiga gidansu.

Hajiya Mero, matar Alhaji, tana fitowa daga ɗakin Malam da kofin kunu da ba a taɓa ba. Ta girgiza kai kawai. Malam yana jingine da matasai uku, numfashi na fita da ƙyar, amma da ya ga ƙunshin sai idonsa ya buɗe tar.

Ɗakin bai isa a shimfiɗa ba. Ninki-ninki ta dinga buɗe masa a kan cinya, yana shafawa da tafin hannu, tana jan wanda ya wuce tana tarawa. Ya daɗe a kan taurarin. Da aka zo kifi ya yi murmushi bai ce komai ba, wannan ne ma ya fi tayar mata da hankali. Da aka kai baƙin zaren ya ɗora babban yatsa a kai ya rufe shi ruf.

"Ba zan je Alhamis ba, Yaya."

"Kai ka san gaibu ne?"

"Ki bar wannan. Ki kai wa Mardiya da hannunki, ɗalibata ce tun tana aji ɗaya, ta san abin da za ta ce. Gaba ɗayansa za ki kai. Su shimfiɗa a fili, kowace yarinya ta riƙe, su taka daga farko har ƙarshe." Ya tsaya ya nemi numfashi. "In ba su taka yadi goman nan na fari ba, ba za su san ƙanƙantar zaren ba. Darasin duk a nan yake. Shekara goma sha huɗu ina neman yadda zan faɗa musu."

"Na ji."

"Ba ji nake so ba."

"Na yi alkawari, Nata'ala. Sai ka sa ni rantsuwa kamar ɓarauniya?"

"To, bar min shi ya kwana a wurina. Da safe kya ɗauka."

Ta ninke shi yadda ta saba, masu launi a can ciki don kada su yi datti, farin a waje. Ya nuna mata akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, inda yake ajiye rigar Juma'a da kwalbar turarensa. Ta saka a sama ta rufe.

Da sassafe ranar Talata tana tankaɗe sai ta ji salati ya tashi ta bayan katanga, muryar Hajiya Mero a sama. Rariyar ta suɓuce daga hannunta. Ba ta san lokacin da ta isa ba, ba takalmi. Ashe Malam ya yi sallar asuba a zaune, ya ce a buɗe masa taga, aka buɗe, Hajiya ta je ɗauko ruwan zafi, kafin ta dawo rai ya yi halinsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yardada ta zauna a tsakar gida cikin mata ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Yaron da ta goya! Ta manta da alawayyo, ta manta da alkawari, ta manta da Alhamis. Kada a ga laifinta, mutuwa haka take shigowa, ta kore komai daga kai.

Gida ya cika. An aika maƙabarta, an sa jana'iza kafin azahar saboda hadari na haɗuwa a gabas. Tana zaune, kai a gwiwa, sai ta ji wata ƙara daga soro.

Ƙyaaat.

Maɗinki ba ya ɓatan wannan ƙarar ko cikin barci. Ƙarar alawayyo ce in an ɗan tsaga baki da almakashi aka ja da hannu biyu. Ta ɗago. Aka sake, ƙyaaat. Aka kuma. Ta yunƙura za ta tashi.

Sai ga Alhaji Muhammad Auwal a bakin ƙofar shigowa cikin gida, abin da ba ya yi in mata sun taru. Farin yadi a rungume a ƙirjinsa. Mata suka ja mayafi.

"Ina 'Yardada?"

Ta ƙaraso. Tun kafin ta taɓa ta san kayanta.

"Ke ce mai allura a lungun nan," ya ce. "Ki taimaka ki haɗa mana, lokaci na tafiya." Sai kuma ya kasa tafiya, ya tsaya kamar wanda magana ta cika wa ciki. "Har na ce a je shago a yanko. Na buɗe akwatinsa neman turare, sai ga wannan a sama. Ki duba, 'Yardada. Alawayyo ne na ƙwarai, an wanke, an goge, an ninke, ga ƙamshi. Likkafaninsa ne ya tanada."

Ya goge ido da bayan hannu. Idanun nan nasa yanar ido ta cinye rabinsu, ko kuɗi sai ya kai su hanci yake ganewa, soron kuma duhu ne da shi ko da rana tsaka. Yadi goma ya auna daga bakin waje, da hannun da ya saba, ya yanka, ya mayar da sauran yadda yake.

"Shekara goma sha biyu ina cewa yaron nan ya manta da kabari. Ashe da likkafaninsa yake kwana a ƙarƙashin gado. Ni da nake sayar da yadi tun ina saurayi, ban tanadi nawa ba. Na zalunce shi, 'Yardada. Wallahi na zalunci Nata'ala. Amma alhamdu lillahi, alhamdu lillahi da Allah ya nuna min kafin a rufe shi."

Dattijo ɗan kusan saba'in ya tsaya a gaban mata yana shessheƙa. Tun da aka yi wancan faɗa ba wanda ya ji sunan ƙaninsa a bakinsa sai yau.

Ba laifinsa ba ne. A cikin birni wane tsoho mai tsoron Allah ne ba ya ajiye farin yadinsa a ƙasan akwati? Kakanninsu haka suka yi, wasu har da yayyafa masa zamzam. Duk wanda ya buɗe akwatin mamaci ya ga alawayyo a ninke da ƙamshi, abu ɗaya zai zo masa.

'Yardada ta kalli abin da ke hannunsa. An yaga, amma yagar maɗinki ce, a miƙe. In ta yi magana yanzu, Kwari ba nisa, kafin a gama wanka an kawo wani. Ta kwana biyu a kan keke ta haɗa wannan, Alhamis a shimfiɗa shi gaba ɗaya yadda ta yi alkawari. Kalma huɗu ce ko biyar. Sai dai in ta faɗe su, Alhaji zai buɗe sauran ya ga rana da kifi, ya gane cewa abin da ya rungume yana kuka shi ne ainihin abin da ya raba su. Zai je ya tsaya a kan gawar ƙaninsa da wace zuciya?

"Alhaji," ta ce. "Wannan yadin..."

"Na'am?"

Ya ɗago da fuskarsa jiƙe, yana jira. Fuskar ta yi mata kama da ta Nata'ala, kamannin da ta daɗe ba ta gani ba. Ta ji muryar mamacin a kunnenta yana cewa gaba ɗayansa, ta ji ta sarai.

"Yana da kyau," ta ce. "Kawo."

Ta shige ɗakin Hajiya Mero ta sakaya ƙofa. Hajiya ta biyo ta da allura da farin zare, ta zauna ta kama mata baki ɗaya. Ba a jima ba yatsun Hajiya suka tsaya. Ta shafa, ta sake shafawa, ta kai yadin wajen taga.

"'Yardada, mene ne wannan a jiki?"

"Taurari ne."

Hajiya ta san akwai wani ɗinkin makaranta da maƙwabciyarta ke yi wa Malam, ba ta taɓa gani ba. Ta kalli yadin, ta kalli 'Yardada, ta dafe baki.

"Na shiga uku. Bari in gaya..."

"Zauna, Hajiya. Kin ga fuskarsa ai."

"To, ya halatta kuwa?"

"Farin zare ne a kan farin yadi. Da me ake ɗinka likkafani in ba shi ba?"

Hajiya ta zauna. 'Yardada ta juya fuskar ɗinkin ciki, inda zai kwanta a jikinsa, bayan ya zama sumul, in ba ka kafa ido ba ba ka ganin komai. Ta ɗinka da hannu, manyan taku, yadda ake yi. Kowane tauraro da ya bi ta ƙarƙashin yatsanta ta san shi. Wannan lokacin da aka ɗauke ruwa kwana tara ta yi shi, wannan da azumi, wannan ranar da suka yi musu da Malam har ya tafi bai sha furarsa ba. Hawaye na ɗiga, tana kau da kai don kada ya taɓa yadin. A ranta tana cewa, ka yafe min, Nata'ala, na ci amanarka tun ba a binne ka ba. Baƙin cikin da ta ji a ɗakin nan ya fi na mutuwar kanta, don mutuwa Allah ne ya yi, wannan kuwa hannunta ne.

Alhaji da kansa ya yi wa ƙaninsa wanka, ya hana kowa. Da aka fito da makara mata suka tsaya a tsakar gida suna jin takun maza na nisa a lungu. Aka ce Alhajin ne ya shiga kabari ya karɓe shi, da tsufansa, sai da mutum biyu suka jawo shi ya fito. Ruwa bai sauko ba sai da aka dawo.

Da yamma Hajiya Mero ta leƙo gidan 'Yardada da ƙunshin sauran yadin a ƙarƙashin mayafi, ta ajiye a kan keke.

Ranar Alhamis aka yi sadakar uku. 'Yardada ta bar mata suna rabon gumba, ta ɗauki ƙunshin ta kama hanyar Ƙofar Mazugal a ƙasa, tana raɓe wa 'yan acaɓa da taɓo. Mai gadi ya nuna mata fili a bayan azuzuwa. Malama Mardiya na tsaye a gindin darbejiya da 'yan mata goma sha tara cikin fararen hijabai. An riga an ba su hutu tun safe, ba wadda ta tafi.

"Sannu da zuwa, Inna. Ya haƙuri?"

"Da godiya. Ga saƙonki."

Mardiya ta sa yara suka kama, aka ja. Ga baƙin zaren a baki, ga kifi, ga kore, ga shuɗi, ga rana. Yara suka fara "Kai!" suna turereniya. Bayan rana da taƙi biyu sai yadin ya ƙare, a yage, zare na reto.

Mardiya ta duba cikin zanin da aka ƙunso shi, ta girgiza shi. "Inna, cewa ya yi yadi goma sha biyar ne."

"Haka ne."

"To ina sauran?"

'Yardada ta shirya ƙarya tun daga gida, har kala biyu. Da ta ga idanun yaran sai ta kasa.

"Yana jikinsa," ta ce. "Yayansa ya ɗauka likkafani ne. Ni na ɗinka, da hannuna. Ina da bakin magana ban yi ba."

Wata yarinya ta durƙusa ta rufe fuska, ta kusa da ita ta riƙe mata nata gefen. Mardiya ta jingina da bishiya.

"Ya ce min darasin duk a cikin farin yake," ta ce. "Ya ce in bar su su yi ta tafiya har su gaji, su fara tambaya yaushe za a zo wurinmu. Yanzu me zan nuna musu, Inna? Taku biyar an gama."

'Yardada ta matsa kusa da yadin. Ta tsaya tana kallon bakin nan da aka yage. Sai ta gyara mayafi ta ɗaure shi a ƙugu. Ta je wurin yarinyar da ke riƙe da yagaggen bakin ta ce, "Riƙe da kyau, 'yar nan, kada ki motsa."

Ta sa yatsun hagu a daidai yagar, ta miƙa hannun dama, ta kawar da kai, daga kan hanci zuwa ƙarshen yatsa, yadda ta auna wa mutane yadi shekara arba'in. Babu komai a tsakanin hannuwanta. Ta matsa, ta mayar da hagu inda dama ta tsaya.

"Ɗaya," ta ce.

Ta sake. Biyu. Uku. Takalminta na nutsewa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta wuce tukunyar ruwan sha, ta wuce tulin bulo, ba ta yi sauri ba kuma ba ta rage ko taƙi ba. A na goma bayanta ya kusa taɓa katangar makaranta. Ta tsaya, hannu biyu a gaba, yatsu a matse.

"Daga nan ya fara," ta ɗaga murya. "Kamu ɗaya na nan fari ne, ya ce sanin Allah ne. Daga nan har wurin waccan yarinyar taurari ne. Ba a ganinsu dama. Sai an shafa."

Ba wanda ya ba da umarni. Wata doguwa ce ta fara sakin gefen rana, ta tako ta tsaya kusa da 'Yardada, ta buɗe tafukanta a daidai tsayin hannun tsohuwar. Wata ta biyo, wata ta biyo, har layin ya haɗe daga katanga zuwa yagar. Shida kawai suka rage a kan yadin.

Mardiya ta share fuska da gefen hijabi. Ta zo ta tsaya a gaban 'Yardada, ta yi bisimilla, ta fara takawa a hankali tana magana, yara na bin ta da ido.

Can ƙarshen layi wata 'yar ƙarama na riƙe da baƙin zaren tsakanin yatsu biyu. Ta kalle shi, ta ɗago ta hango tsohuwar a jikin katanga, ta sake kallonsa. Yayyafi ya fara sauka a tafukan waɗanda ke tsakiya, ba wadda ta sauke hannu.